Jidda da Kewayenta: Ƙofar Makka a Bakin Bahar Maliya

Jidda tana gaɓar gabas ta Bahar Maliya, a yankin Hijaz na ƙasar Saudiyya, kimanin kilomita 75 yamma da Makka. Ita ce ta biyu a girma cikin biranen ƙasar bayan Riyad, mutanenta sun haura miliyan uku da rabi. Tun ƙarnin farko na Hijira a nan mafi yawan alhazan da suka taho ta ruwa suke sauka, yanzu kuma filin jirgin samanta ne babbar mashigar baƙin Allah. A Jidda hedkwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi take, da ta Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, da ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya mai kula da lamuran alhazai.

Manomin Matazu, ko na Malumfashi ko Funtuwa, da ya sayar da masara da auduga da bijimai ya biya kuɗin kujera, sau da yawa a Jidda yake fara ganin teku da idonsa. Amma alhazai da yawa suna komawa gida ba su san komai na garin ba sai rumfar jiran jirgi da kasuwar tsaraba, alhali Jidda da garuruwan da ke kewaye da ita cike suke da wuraren da suka cancanci a sani. Wuraren kashi uku ne. Akwai waɗanda suka shafi ibadar kanta, kamar miƙatai da iyakokin Harami. Akwai na tarihin Musulunci, da ake zuwa domin ilimi da wa'aztuwa. Akwai kuma na buɗe ido da shan iska zalla. Rarrabe su yana kare alhaji daga ɗaukar yawo a matsayin ibada, yana kuma hana shi ƙaurace wa halal saboda tsoron da ba shi da tushe.

Tekun da yanayin gari

Bahar Maliya doguwa ce siririya, ta raba Afirka da tsibirin Larabawa. Tsawonta ya haura kilomita 2,000, faɗinta a inda ta fi buɗewa kimanin kilomita 350. Ba wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba cikinta, ga rana tana ƙona ruwan, shi ya sa gishirinta ya fi na yawancin tekunan duniya. Wanda mafi girman ruwan da ya sani shi ne madatsar Zoɓe zai ga bambanci tun daga nesa: a nan ba a hango ɗaya gaɓar, ruwan shuɗi ne, ba ya shayuwa, kuma ba ya daina motsi.

Ƙarƙashin ruwan akwai duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittu ke ginawa a hankali cikin ɗaruruwan shekaru. Kifaye iri fiye da dubu suna rayuwa a tsakaninsu. Waɗannan duwatsu sun kare tashar Jidda daga mahara, amma sun farfasa jirage masu yawa, don haka tun da can matuƙin da bai san mashigar ba sai ya nemi ɗan gari ya ja masa gora.

Jidda ba ta da kogi, ruwan sama kuma kaɗan ne, yakan zo ne tsakanin Nuwamba da Janairu. Mutanen zamanin da sun dogara da rijiyoyi da tankunan tara ruwan sama, yau kuwa ruwan famfon garin daga teku ake ɗebo shi, injuna su cire gishirin. Zafin bazara yakan kai digiri 40, tare da laima mai sa gumi ya ƙi bushewa a jiki, saɓanin busasshen zafin ƙasar Katsina. Idan ruwan sama ya zo da ƙarfi kuwa yakan yi ɓarna, kamar ambaliyar Nuwamba 2009 da ta ci rayuka sama da 100.

Yadda ta zama ƙofar Makka

A zamanin Annabi (SAW) tashar jiragen ruwan Makka ita ce Shu'aiba, kudu da Jidda. Daga can ne sahabban da suka yi hijirar farko zuwa Habasha suka shiga jirgi a shekara ta biyar da aiko, daidai da 615, cikinsu har da Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya. Littattafan sira sun kuma kawo cewa katakon da Ƙuraishawa suka rufe Ka'aba da shi, lokacin da suka sake gina ta kafin aiko, na wani jirgin Rumawa ne da ya fashe a wannan gaɓa. A shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647, Halifa Usman ya mai da tashar zuwa Jidda saboda ta fi kusa kuma ta fi dacewa da jirage.

Daga nan garin ya bunƙasa. Kayan yaji da tufafi daga Indiya, hatsi daga Masar, gahawa daga Yaman, duk ta nan suke bi. Matafiyin Andalus Ibn Jubair ya sauka a cikinta a 1183, Ibn Baɗɗuɗa ma ya ratsa ta a ƙarni na 14. Da Turawan Fotugal suka shigo Bahar Maliya a farkon ƙarni na 16, sarkin Masar Ƙansuh al-Gauri ya sa aka kewaye garin da ganuwa, wadda ta taimaka wajen korar jiragen yaƙinsu a 1517. Bayan haka garin ya daɗe a hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Buɗe mashigin Suwez a 1869 da shigowar jiragen ruwa masu tururi sun ninka yawan alhazai da na dukiya. A Disamba 1925 Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud ya karɓi garin, a 1947 kuma aka rushe ganuwar domin gari ya samu wurin faɗaɗa.

Hausawa da hanyar Sawakin

Kafin jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Katsina da ƙafa ko a kan jaki yake kama hanya. Yakan bi ta Kano da Barno, ya ƙetare zuwa Wadai, ya ratsa Darfur da Kurdufan har bakin kogin Nilu, daga nan ya nufi Sawakin, tashar da ke gaɓar Sudan tana fuskantar Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yana ƙarewa a hanya, sai mutum ya yada zango ya yi noma ko ƙwadago ya tara na gaba. Bayan buɗe gandun audugar Jazira a 1925, dubban maniyyata daga ƙasar Hausa sun samu kuɗin jirgin ruwa ta hanyar tsinkar auduga, aikin da mutumin Funtuwa ko Malumfashi ya taso yana yi. Wasu ba su taɓa komowa ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903 ne suka kafa shi, ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya.

Sawakin tsohon gari ne a kan ɗan tsibiri, ginin dutsen murjani irin na Jidda. Da Turawan Ingila suka gina sabuwar tashar Fat Sudan a farkon ƙarni na 20 sai kasuwarsa ta mutu, gidajensa suka zube, amma ya ci gaba da zama wurin killace alhazai da yi musu allura kafin su shiga jirgi. An tsananta killacewa ne tun bayan annobar kwalara ta 1865, wadda ta bi alhazai ta watsu ƙasashe da dama.

Masu hali sun fara bin wata hanyar ta ruwa daga Legas. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali a 1921 a tafiyar da ta haɗa da ziyarar Ingila. A 1948 attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda ya fara da motoci kafin ya koma jiragen sama. Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, Shaikh Abubakar Gumi kuma ya riƙe aikin jami'in alhazan Nijeriya a Jidda a ƙarshen shekarun 1950. Yau hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da aka kafa a 2006, tare da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina, su ke ɗaukar maniyyata daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, tafiyar awa huɗu zuwa biyar.

Balad, tsohon gari

Abin da ya fi cancantar gani a Jidda shi ne tsohon garin da ganuwa ta taɓa kewayewa, wanda ake kira Balad. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Unguwanninsa huɗu ne: Sham a arewa, Yaman a kudu, Bahar ta wajen teku, sai Mazlum. An sake gina wasu ƙofofin ganuwar, kamar Bab Makka, inda ayarin raƙuma ke fita zuwa Harami, da Bab Sharif da Bab Jadid.

Gidajen Balad benaye ne masu hawa uku zuwa shida. Da dutsen murjani da aka sassaƙo daga bakin teku aka gina su, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsun domin ya riƙe nauyi. Abin da ya fi jan ido shi ne rawashin, wato manyan tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa waje daga bango. Suna shigo da iskar teku, suna tare rana, suna kuma ba matan gida damar kallon titi ba tare da an gan su ba. Katakon daga Indiya da tsibiran Indunusiya jirage ke kawo shi. Tsawon gidajen da matsewar lunguna suna sa inuwa ta daɗe a ƙasa, dabarar da ta sa aka iya zama a garin tun kafin a san na'urar sanyaya ɗaki.

Mafi shahara cikinsu shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo garin. Matakalarsa mai faɗi ce, ana cewa raƙumi yakan hau da kaya har sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar bedi, irin wadda ke kowane titi a Katsina, kuma a da saboda ƙarancin itatuwa a Jidda da ita ake kwatancen gidan. Yanzu an mai da shi gidan tarihi.

Tsofaffin masallatai suna nan ana salla a cikinsu: Masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, wanda hasumiyarsa na cikin tsofaffin gine-ginen garin, da Masallacin Mi'imar, da ƙaramin masallacin da ake danganta wa Usman ɗan Affan. Akwai kuma ribaɗai, gidajen waƙafi da masu arziki suka gina domin talakawan alhazai da zawarawa. Kasuwar Alawi ta ratsa tsakiyar garin, cike da turare, kayan yaji, yadi da dabino. Da rana lungunan shiru suke, sai bayan la'asar gari ke farkawa, musamman a watan azumi lokacin da masu balila da soyayyar hanta ke cika tituna har sahur.

Maƙabartar Hauwa'u

Dab da tsohon garin, ta arewa maso gabas, akwai maƙabartar da ake kira ta Uwarmu Hauwa'u. Tsohon zance ne a littattafan tarihi cewa a Jidda matar Annabi Adamu ta sauka, kuma matafiya tun zamanin Ibn Jubair sun ambaci wata ƙubba a wurin. An daɗe ana nuna wani dogon kabari ana cewa nata ne. Hukumomin Saudiyya sun rushe ginin a 1928, aka kuma shafe wurin da kankare a 1975. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya tabbatar da inda kabarinta yake. Maƙabartar dai ta Musulmi ce, an binne mutanen gari da alhazai da yawa a cikinta, saboda haka hukuncinta na kowace maƙabarta ne: a yi wa mamata sallama da addu'a, a tuna lahira, ba a roƙon kowa sai Allah.

Bakin teku

Titin bakin teku, wanda ake kira Kurnish, ya miƙe kimanin kilomita 30. An shimfiɗa masa hanyar masu tafiya da ƙafa, da ciyawa, da rumfuna, da wuraren wasan yara, da masallatai. Da yamma iyalai kan shimfiɗa darduma su sha gahawa da shayi, masunta na jefa ƙugiya daga kan gadoji. Shiga kyauta ne.

Daga kusan ko'ina a bakin ruwan ana hango feshin ruwa na Sarki Fahad, wanda aka buɗe a 1985. Injuna ne ke harba ruwan teku sama fiye da mita 260, babu irinsa a tsawo a duniya, kuma da dare ana haska shi da fitilu. A arewacin titin akwai Masallacin Rahama, shi ma na 1985, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin teku. Idan ruwa ya cika sai ya zama kamar yana shawagi, shi ya sa baƙi ke kiransa masallaci mai iyo. Alhazan Indunusiya da Malesiya sukan cika shi kafin su koma gida. Masallaci ne kamar sauran masallatai, ba shi da wata falala ta daban.

Muhammad Sa'id Farisi, magajin garin Jidda a shekarun 1970 da 1980, ya ƙawata shataletale da bakin teku da ɗaruruwan ayyukan masu fasaha na gida da na waje, cikinsu har da wani ƙaton keke da ya zama alamar kwatance. Gidan kifaye na Faƙih, da aka buɗe a 2013, yana nuna halittun Bahar Maliya ta bayan gilashi, abin da ya dace da wanda ba zai iya nutso ba. Gidan tarihi na Ɗayyibat, mai siffar gidajen Balad, ya tara tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da makamai, da tufafin yankunan ƙasar. A 2021 kuma aka fara tseren motocin Formula 1 a wani sashe na Kurnish.

Wurin wanka da shiga kwalekwale shi ne Ubhur, wani hannun teku da ya kutsa cikin ƙasa, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar gari. A yawancin Kurnish an hana iyo saboda kaifin murjani da zurfin da ke zuwa ba zato. Wanda ya koyi iyo a rafi ko kududdufi bai kamata ya gwada teku ba sai inda aka keɓe, kuma akwai masu ceto.

Filin jirgi da batun harama

Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz ya fara aiki a 1981. Sashen alhazai rumfa ce mai siffar tantuna 210, buɗe ta kowane gefe domin iska ta ratsa, kuma tana ɗaukar dubun dubatar mutane a lokaci guda. Injiniya Fazlur Rahman Khan, haifaffen Bangaladash, yana cikin waɗanda suka tsara ta. Filin yana da wani tarihi mai ɗaci a wurin 'yan Arewa: a ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, mutum 261 suka rasu.

Miƙatai, wuraren da ake ɗaukar harama, biyar ne: Zul Hulaifa na mutanen Madina, Juhfa na masu zuwa daga Sham da Masar da yamma, Ƙarnul Manazil na Najadu, Yalamlam na Yaman, sai Zatu Irƙin na Iraƙi. Mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗaukar harama. Wanda ya taho a jirgin sama da nufin wucewa Makka kai tsaye, mafi yawan malamai sun ce ya yi niyya a sama idan jirgi ya zo daidai miƙati, wasu malaman zamani kuma sun yi sauƙi ya yi a Jidda. A shekarun baya-bayan nan yawancin jiragen alhazan Nijeriya Madina suke fara sauka, sai a ɗauki harama a Zul Hulaifa, Jidda ta zama tashar komawa gida. Mai zuwa umra ta Jidda ya kamata ya tambayi malaminsa tun kafin ya bar gida, ya kuma sa haraminsa a jakar hannu.

Tun 2018 jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini ya haɗa Makka da Madina ta Jidda, tsawon kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Yana da tasha a cikin gari da wata a filin jirgi.

Tsakanin Jidda da Makka

A da tafiyar kwana biyu ce a kan raƙumi, ana yada zango a Bahra, rabin hanya. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a tafiya mai nisan Makka zuwa Jidda, ko zuwa Usfan, ko zuwa Ɗa'ifa, kuma da wannan nisa malaman Malikiyya suka auna tafiyar ƙasaru. Yau garuruwan biyu sun faɗaɗa sun kusanci juna, mota na cin hanyar cikin awa guda, shi ya sa malaman zamani suka saɓa kan ko har yanzu ana ƙasaru a tsakaninsu.

Wuri mafi muhimmanci a wannan hanya shi ne Hudaibiyya, wadda ake kira Shumaisi, kimanin kilomita 22 kafin Makka a tsohuwar hanyar Jidda. A Zulƙida ta shekara ta 6 bayan Hijira Annabi (SAW) ya sauka a nan da sahabbai kusan 1,400 da nufin umra, Ƙuraishawa suka tare su. Da aka yi jita-jitar kashe Usman, wanda aka aika Makka, sahabbai suka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashin wata bishiya. Daga baya aka ƙulla sulhun shekara goma, Suhailu ɗan Amru ya wakilci Ƙuraishawa, Aliyu ɗan Abi Ɗalib ya rubuta. Bishiyar babu ita tun zamanin sahabbai. Abin da ake gani yau masallaci ne, da kangon wani tsoho a gefensa, da alamomin iyakar Harami. A wannan yanki ne shingen binciken takardu yake, inda waɗanda ba Musulmi ba ke ratsewa, kuma a kan babbar hanya akwai ƙofar nan mai siffar buɗaɗɗen Alƙur'ani a kan mariƙinsa.

Arewa, kudu da kan dutse

Mai bin hanyar arewa zai fara da Usfan, tsohon zango a hanyar Makka zuwa Madina, inda aka ruwaito Annabi (SAW) ya yi sallar tsoro. Gaba akwai Rabig, kimanin kilomita 150 daga Jidda, kusa da miƙatin Juhfa. Alhazan da suka taho ta ruwa daga Suwez sukan ɗauki harama idan jirgi ya zo daidai nan.

Badar tana can gaba, tsakanin teku da Madina. Ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka ci rundunar Ƙuraishawa mai kusan mutum dubu. Asalin fitar domin tare ayarin Abu Sufyan ne, wanda ya kauce ya bi bakin teku ya tsira. Ana ganin filin dagar, da maƙabartar shahidai 14 da allon sunayensu, da Masallacin Arish a inda aka kafa wa Annabi (SAW) rumfa. Bayan Badar sai Yanbu, tashar jiragen ruwan Madina, mai nata tsohon gari da ruwa garau da masu nutso ke so. A wani sashe na wannan gaɓa ne rundunar Abu Ubaida ta sahabbai 300 ta tsinci wani ƙaton kifi da teku ta jefo lokacin da yunwa ta kama su, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Ta kudu akwai Shu'aiba, wadda yanzu masana'antar tace ruwa da ke shayar da Makka take, da miƙatin Yalamlam. Ta gabas, bayan Makka, hanya mai lanƙwasa tana hawa dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa, wadda ke kimanin mita 1,800 sama da teku, sanyinta ya sa ta zama mafakar mutanen Hijaz da bazara. A can ne masallaci da kabarin Abdullahi ɗan Abbas suke, da lambun da ake cewa a nan wani bawa mai suna Addas ya kawo wa Annabi (SAW) inabi bayan mutanen garin sun jefe shi. Garin ya shahara da rumman da inabi da zuma, da furen wardi da ake tsinka a Maris da Afrilu a yi turare.

Kasuwa da Hausawan Jidda

Tsaraba wani sashe ne na tafiyar da alhaji ba ya iya kauce masa, domin dangi da maƙwabta na jiran dabino, da carbi, da hula, da darduma, da jallabiya. Kasuwannin Balad da Bab Sharif da Bab Makka sun daɗe suna cika wannan buƙata, kuma a cikinsu 'yan Kano-Jidda, masu safarar kaya tsakanin garuruwan biyu, suke sarin atamfa, abaya, zinare da turare. Yawancin kayan daga Sin da Indiya da Turkiyya suke, wasunsu ma ana samun irinsu a Kantin Kwari, don haka gwada farashi kafin saye yana da amfani. Zamzam lita biyar ake ba kowane alhaji ta hannun hukuma, kuma an hana cusa shi cikin jaka.

Mai yawo a waɗannan kasuwanni zai ji Hausa. Zuriyar waɗanda suka zo da ƙafa tun zamanin kakanni sun zama 'yan ƙasa, suna ɗauke da sunayen dangi irin Hausawi, Barnawi da Fallata, wasunsu sun yi fice a ƙwallon ƙafa, kamar Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar Saudiyya. Tsire ya shiga cikin abincin Hijaz. Akwai kuma waɗanda ake kira takari, da suka zauna ba takarda, suna rayuwar ɓuya da fargabar kame. Unguwannin kudancin gari irin Sabil, Karantina da Gulail, inda 'yan Afirka suka fi yawa, an rushe mafi yawansu tun daga ƙarshen 2021 a shirin sabunta birnin, jama'arsu suka warwatsu.

Ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye

Babu ɗaya daga cikin wuraren Jidda, ko Badar, ko Ɗa'ifa, da ke cikin rukunan hajji ko wajibansa. Hadisi ingantacce ya keɓe masallatai uku da a yi tafiya takanas domin salla a cikinsu: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. Sauran wurare ana zuwa ne domin sanin tarihi da ganin ikon Allah a halittarsa, kuma wanda bai je ba hajjinsa cikakke ne. Ɗibar ƙasa, da shafar bango, da ɗaura ƙyalle a wuraren tarihi ba su da asali, hukuma ma ta hana.

Bizar hajji ta taƙaita zirga-zirga a Makka, Madina da Jidda, bizar umra kuwa ta fi sakewa. Dokokin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka jami'in alhazai na ƙaramar hukuma shi ne wanda za a tambaya kafin a fita. Ziyara ta fi dacewa bayan an kammala aikin hajji, a ranakun jiran jirgi, cikin rukuni, da katin shaida a wuya da adireshin masauki a aljihu, kuma a motar da aka sani. Tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga su guji rana daga hantsi zuwa la'asar, su yawaita shan ruwa. Ɗaukar hoton mutane ba izini, musamman mata, ko na ofisoshin gwamnati, laifi ne a dokar ƙasar.

Wanda ke da yini ɗaya kacal zai iya zaga Balad bayan la'asar, ya yi magariba a Masallacin Shafi'i, ya ƙarasa Kurnish da dare. Mai kwana biyu zai ƙara da Hudaibiyya, ko Ɗa'ifa idan bizarsa ta ba shi dama. Badar kuwa ta fi sauƙin zuwa daga Madina. Ga mai umra da ke da zaɓin lokaci, watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne mafi sauƙin zafi a duk gaɓar Hijaz.